Haƙorin Auta

Zuwa ga Yayana abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, Allah ya sa albarka a nema. Inna tana nan da ciwon gwiwarta, yara kuma kalau. Ɗanka Auta ne dai babu daɗi, kuma an ce in ɓoye maka dalili, ni kuwa ba zan iya ba.

Ka tuna likitan zuciya ya gargaɗe mu cewa yaro mai irin ciwon ɗanka, wanda leɓɓansa ke yin shuɗi, jininsa ba ya tacewa a huhu yadda ya kamata, don haka ƙwayar cuta daga baki kan wuce kai tsaye zuwa ƙwaƙwalwa. Ya ce ko haƙori ba a taɓa masa sai a asibiti. To, haƙorin Auta ya ruɓe, Kawu makanike da ka bar wa riƙonsa ya zaunar da shi kan tsohuwar taya a gareji, ya goge filaya da tsumman baƙin mai, ya fizge haƙorin.

Bayan 'yan makonni sai ciwon kai da amai, daga nan jijjiga. Hoton da aka ɗauka a asibiti ya nuna ƙurji a ƙwaƙwalwa. Likitoci sun huda sun zuƙe mugunya, ya rayu, alhamdu lillahi, amma hannunsa na dama ba ya riƙe cokali, magana kuma da ƙyar take fita. Kawu ya zo dubiya da kayan aikinsa suna warin man inji, yana wa masu jinya alfahari wai ko saiwar haƙorin bai bari ba. Inna ta ce ƙaninta ne, in rufa asiri. Wallahi ko kallonsa ba na son yi.

An kusa sallamar mu, kuma su Inna sun shirya mayar da yaron gidan Kawu. Ni goggo ce kawai, maganarka za su ji. Ka kira Inna ka ce a bar min shi. Jiya na ga yana tauna da gefe ɗaya, na matsa masa, sai ya nuna wani haƙorin, ya daɗe yana haɗa kalmomi kafin ya roƙe ni kada in faɗa wa Kawu.

Inna da maigidana suna gaishe ka. Ka gaida Baffa da iyalinsa.

Taka ƙanwa mai jiran kiranka,
Goggon Auta