Babu Mai Riƙe Min Tsani

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya jikin Inna? Ina fata ƙafar ta yi sauƙi.

Ni lafiya lau, aiki ne dai ya yi yawa. Masu haɗa wayar wuta mu biyu muka rage a kamfanin, ɗayan ma idonsa ya fara rauni. Maigida ya yi ta cigiyar masu koyo, ba wanda ya leƙo, kowa jami'a ya nufa. A ƙa'ida ba a hawa tsani sai da mai riƙewa, amma yanzu haka nake hawa. Makon jiya na ɗan zame. Kafaɗa ce kawai, kada Inna ta ji.

Ka ce Autanmu na son ya zo ya koyi sana'ar, kana neman shawarata. Wallahi na rasa abin cewa. Ni da bakina na rantse sai ya yi jami'a, don kada ya ƙare a kan tsani. Jiya kuwa tsohuwar da nake wa gyara na roƙa ta riƙe min. Hannunta na rawa, ni kuma ina sama ina tunanin Auta.

Kada ka ba shi amsa tukuna. Ku sa ni a addu'a.

Ƙaninka