Farantan Inna a kan tebur

Litinin, 7 ga Oktoba 2024

Na dawo daga lakol, makarantar da nake koyarwa, na iske amalanke a ƙofar gidana. Yaya Labo ne ya kwaso kayan ɗakin Inna tun daga Sae Sabuwa har Gidan Rumji, wai zai zuba wake a ɗakin. Wake! Inna ko shekara ba ta yi a ƙasa ba. Bai kira ni ba, bai tambaye ni ba.

Farantan gilashin da ta zo da su daga Makka ya tura cikin buhu, ko tsumma bai sa a tsakaninsu ba. Na kwance bakin buhun, babu ko ɗaya mai rai. Ya ce hanya ce ba kyau. Na ce mishi ya fice mini daga gida.

Laraba, 9 ga Oktoba

Ya kira. Ban ɗauka ba.

Asabar, 12 ga Oktoba

Munira, abokiyar aikina, ta ce in zubar da fasassun kar su yanki wani. In zubar da wa? Da ta ga fuskata sai ta nuna mini a wayarta yadda ake manna guntayen gilashi a kan tebur su zama ado. Ina da tsohon teburin da Inna ke ɗora ƙwaryar fura. Shi zan yi wa. In Labo ya shigo wata rana ya ga aikin hannunsa.

Lahadi, 13 ga Oktoba

Sale mai gilashi ya ara mini filaya, ya ce gam tukuna, farin siminti daga baya. Koraye a tsakiya, shuɗaye a gefe. Yatsuna duk yanka. Duk guntun da na karya, sunan Labo nake kira a raina.

Alhamis, 17 ga Oktoba

Gam ya yi yawa, rabin gefen ya zame. Na ɓamɓare na sake. Na yi wa 'yan aji tsawa yau ba laifin komai. Labo ya ja.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Habi matarsa ta zo da sabon gero. Wai tun rasuwar Inna ba ya bi ta ƙofar ɗakin, zagayawa yake ta bayan rumbu. Wai shi kaɗai ya kwashe kayan, ya hana kowa taɓawa, har yau kuma bai zuba waken ba, ɗakin a rufe yake. To ni ina ruwana? Ni ce na yi jinyarta. Ni ban da zuciya ne? Ya zo ya faɗa da bakinsa mana.

Geron dai na karɓa. Gonar ubanmu ce.

Asabar, 26 ga Oktoba

Ya zo da hantsi ina cikin shafa siminti. Ya yi sallama, na amsa ciki-ciki. Ya daɗe a tsaye yana kallon teburin, sannan ya ɗora yatsa a kan wani koren guntu.

“Sumayya, a wannan take zuba mana dabino da azumi.”

Na ce na sani. Ya tsuguna ya ɗauki tsumma ya kama goge simintin da ya hau gilashin. Bai iya ba, yana ta kwashe na tsakani. Gefen wani guntu ya yanke shi a yatsa, jini ya ɗiga a kan farin, sai na sake wurin gobe. Haƙuri bai ba ni ba, ko kalma ɗaya. Kansa dai a sunkuye, kafaɗunsa na rawa.

Ban yafe ba, in rubuta don kar in manta. Yatsan na ɗaure mishi saboda kar ya ƙara ɓata mini aiki. Tuwon da na zuba mishi kuma, dama ya yi mini yawa.