Laba Ce, Ba Cokali Ba

Unterweilach, 11 ga Nuwamba

Zuwa ga ƙanwata Gerlinde,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kina lafiya, ke da Detlef da jikoki, kuma gwiwar nan tasa ta yi sauƙi. Yaya kuke fama da ruwan Hamburg? Mu nan sanyi ya shigo, bishiyoyin ceri sun zubar da ganye tas. Ni lafiyata ƙalau, in ban da idon nan da kika sani, sai kuma ɓacin ran da ya sa na ɗauki biro.

Ƙungiyar matan coci ta cika shekara ɗari bana, shi ne suka buga ɗan littafin girke-girke, guda ɗari uku, ana rabawa gida-gida. Jiya da aka tashi daga coci aka miƙo mini nawa. Na zo gida na sa tabarau, ina buɗe shafi na talatin da ɗaya sai ga kek ɗin cerin Mama. Layin farko kawai na karanta na gane shi, don maganarta ce sak: a tsiyaye ceri tun da safe a kan farin ƙyalle. Kin san sunan wa ke ƙasa? Roswitha Kellermann! Matar da ta zo garin nan shekara goma sha biyu da suka wuce, bayan ta bar aikin koyarwa a birni, aka ɗauki shugabancin ƙungiya aka ba ta don ta iya na'ura. Matar da ko ƙwai ba ta iya fasawa ba tare da ɓawo ya faɗa ciki ba.

Shekara arba'in Mama tana kai tire uku kasuwar coci a Lahadin da ake kunna kyandir na farko kafin Kirsimeti, ni kuma na ɗora shekara ashirin da shida tun rasuwarta. Kowa a kwarin nan ya san yankan Kunigunde, da sunan Mama ake kiransa: kwaɓi a ƙasa, ceri mai tsami a tsakiya, barbaɗe a sama, a yanka faɗin yatsa biyu. Ban taɓa ba kowa yadda ake yinsa ba. Matar likita ta roƙa har sau uku, na ce ta zo ta ci dai. Yau an wayi gari an goge sunan uwarmu kamar ba ta taɓa tsayawa gaban tanderu ba.

Littafin girkin da Mama ta rubuta da hannunta yana nan cikin durowa, makulli yana wuyana. To ta ina ya fita? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma lalle sai na gano bangon.

Na aika wa Fada, limamin cocinmu, cewa bana ba zan gasa komai ba. Kwalabe goma sha huɗu na cika da ceri a watan Yuli, ni kaɗai na zauna na cire ƙwallayen da ƙarfen kama gashi har yatsuna suka yi baƙi. Su zauna a ɗakin ƙasa. Mai suna a littafi ta ciyar da gari.

Ki gaida Detlef da yara.

Yayarki,
Irmtraud


Unterweilach, 21 ga Nuwamba

Gerlinde,

Ina gaishe ki, don Mama ba ta koya mana fara takarda ba gaisuwa ba. Ina fatan kowa lafiya.

Takardarki ta zo. Ashe ke ce bangon. Wato ranar da kika zo hutu, na fita sayen burodi na bar makulli a kan tebur, kika buɗe durowa kika ɗauki hoton shafin da wayarki. Ni kuwa na dawo ina ta zuba miki kofi, ina ƙara miki kek! Da ɗan gari akan ci gari, amma ban taɓa zaton ɗan garin daga cikin uwata ya fito ba.

Kin ce kin aika wa ƙungiyar hoton ne don a sa sunan Mama, Roswitha ce ta buga a na'ura sai masu ɗab'i suka ɗauka nata ne. Kin ce likita ya faɗa a gabanki idona ba zai kai shekara uku yana karatu ba, kuma ba wanda ya rage da ya iya karanta rubutun Mama sai ni. Wa ya aike ki? Ido nawa ne ko naki? Ba ki iya buɗe baki ki tambaye ni ba? Na san abin da za ki ce, da kin tambaya da na hana. To, da na hana, hakkina ne. Ke kika tafi birni kina shekara sha tara. Ni na zauna na juya Mama a gado, ni na riƙe mata kwano lokacin da hannunta ya daina riƙewa.

Amma Allah ba ya barci. Shekaranjiya na ɗauko gilashin ƙara girma na karanta shafin da aka buga daga sama har ƙasa, na yi dariya har na ƙware. Kin tuna irin rubutun da aka koya wa su Mama a makaranta, mai tsini-tsinin nan da aka daina tun kafin a haife mu? Fulawa da kofi take aunawa, man shanu kuma ƙunshi ɗaya ta rubuta, waɗannan Roswitha ta karanto su daidai. Sukari ne kaɗai Mama ta rubuta da tsohuwar alamar laba, mai lanƙwasar nan da masu shago suke yi a da. Malamar makaranta guda ta dubi alamar ta ce harafin farko ne na kalmar cokali! Rabin laba ya koma rabin cokali. A kan ceri mai tsami, Gerlinde! Har ta ƙara da nata bayanin a ƙasa, wai mutanen da sun san illar sukari tun kafin likitoci.

Ba zan ce uffan ba. Sunanta ne a kai, ta ci kayanta. Ke ma na hana ki, in kika buɗe baki a kan wannan, kada ki sa ran ganina a Kirsimeti.

Ki gaida mutanen gida.

Irmtraud


Unterweilach, 2 ga Disamba

Ƙanwata,

Gaisuwa da fatan kun kunna kyandir na farko lafiya. Ni dai na kunna nawa, amma yadda na yini jiya ko maƙiyi ba na yi wa fata.

Na je kasuwar cocin da sabuwar hulata, hannu rabbana, don in ga ƙarshen wasan. Ina shiga zauren sai mata suka hau tafi. Na waiwaya in ga wa ake yi wa, ashe ni ce. Roswitha ta taho da sauri ta kama hannuna biyu, ta ce, "Frau Dorsch, ƙanwarki ta kira ni ta gaya mini irin zafin da kika ji. Wallahi ban lura da sunan ba sai da aka gama bugawa. Zo ki ga yadda muka gyara."

Gerlinde, matar nan ta bi gida-gida da ƙafarta, kwana shida, ta liƙa 'yar takarda a kan sunanta a kowane littafi. Yanzu shafi na talatin da ɗaya cewa yake yi: Yankan Kunigunde. Bai ishe ta ba, ta tara matan aure matasa biyar, kowacce ta gasa tire ɗaya daidai yadda littafi ya ce, don a ba ni mamaki. Ga su jere a kan babban tebur, a tsakiya ga hoton Mama sanye da farar rigar girkinta. Na san wadda ta aiko da hoton.

Na buɗe baki zan yi magana, sai Fada ya fara addu'a, yana cewa amin aka hau yanka.

Shi Fada aka fara ba. Ya gatsa, idonsa ya kawo ruwa, ya haɗiye da ƙyar ya ce Allah ya jiƙan Kunigunde. Yara kuwa ba su san kara ba, a tafin hannu suka riƙa tofarwa. Wata baƙuwa a bayana ta ce da mijinta, "Wannan ne abin da ake ta zuzutawa?" Sai tsoho Balthasar Deinlein, wanda ya shekara hamsin yana cin kek ɗin nan, kurma ne kuma ba ya magana sai da ihu, ya ɗaga nasa sama ya ce, "Ke Irmtraud! Yaushe uwarki ta fara rowa? Ko a lahira ma sukarin da kati ake bayarwa, kamar lokacin yaƙi?" Zaure ya ɗauki dariya.

Rowa! Mama, wadda bayan yaƙi take raba sukarinta biyu da 'yan gudun hijirar da aka sauke a gidanmu. A gaban hotonta aka kira ta marowaciya, kuma ni na jawo mata. An ce in za ka gina ramin mugunta ka gina shi gajere. Ni nawa na zurfafa shi, uwata ce ta faɗa.

Amma ke ma ba ki fita ba. Shekara sittin da takwas bakinki bai taɓa riƙe magana ba. Ke kika gaya wa Baba na fasa tagar rumbu, ke kika gaya wa duk gari Konrad yana nemana tun kafin shi ya sani. Kin kira matar nan kin yi ta zuba a kan suna, amma maganar sukari, guda ɗayar da ya kamata ki tona, ita kika zaɓa ki riƙe mini amana? Wannan wace irin biyayya ce?

Zan tsaya nan.

Yayarki,
Irmtraud


Unterweilach, 9 ga Disamba

Gerlinde ƙanwata,

Ina gaishe ki da Detlef. Na ga kiranki har sau huɗu, ban ɗauka ba don hannuna cikin kwaɓi yake.

Ranar Talata na sa littafin Mama a jaka na tafi gidan Roswitha. Na same ta idanu sun kumbura, tana cewa duk laifinta ne. Na ce, "Rabi dai naki ne. Na ga kuskuren tun kwana goma sha biyu kafin kasuwa, na yi shiru don ki ji kunya." Ta dube ni ta ce, "Ke kam muguwar tsohuwa ce." Na ce, "Na sani. Kawo tabaranki."

Na buɗe mata shafin na nuna mata alamar. Ina ɗora yatsa a kai sai na ga layukan suna ninkuwa, na kasa bambance man shanu da fulawa. Da ka na karanto mata, ba ta lura ba. Ke kaɗai nake gaya wa wannan. Duk shekarun nan ina ganin muddin ni kaɗai ke karanta rubutun nan, da ni kaɗai Mama take magana. Ban taɓa tunanin ranar da za ta yi magana ba mai ji ba.

Mun fito da kwalaben nan goma sha huɗu. Matan biyar sun zo kicin ɗina, na tsaya a kansu, jiya bayan coci muka raba tire bakwai kyauta. Balthasar ya ci yanka huɗu, ya yi ihu ya ce, "Yauwa, ta dawo hayyacinta!" Ban kula shi ba. Littattafai kuma mun gyara ɗari da sittin da biro, saura ɗari da arba'in, wasu har sun kai ƙauyukan tsallaken kogi. Ki zo da biro da takalmin tafiya, ke kika fara wannan aikin.

Kada ki ɗauka na huce. Maganar durowa tana nan, za mu yi ta idan kin zo.

A cikin ambulan akwai takarda ɗaya. Na rubuta miki yadda ake yin kek ɗin duka da manyan baƙaƙe, irin rubutun da jikokinki za su iya karantawa, na sa sunan Mama a sama. Ki kwafa ki ba duk wanda ya tambaya, har da matar likita. Sukarin ban yi masa alama ba, da kalmomi na rubuta shi, na ja layi biyu a ƙasa. Laba na ce, Gerlinde, ba cokali ba.

Taki har kullum,
Yayarki Irmtraud