Manjan da Na So Ɗura wa Yaya Sale

Laraba da dare, Funtuwa

Satina biyu kacal da fara dako a kasuwar hatsi.

Bayan la'asar Yaya Sale ya kwanta kan buhunan masara, na ɗauka gajiya ce. Ashe ƙwayar da yake sha don ƙarfi ce ta yi masa yawa. Na jijjiga shi, shiru, numfashi sai an jima. Na ruga na karɓo manja zan ɗura masa, yadda Inna ke yi wa wanda ya sha guba. Baba Audu mai shayi ya buge hannuna: "Kai ɗan ƙauye, shaƙe shi za ka yi!" Ya ciro wani ɗan abu, wai naloksan, mutanen asibiti suka raba wa 'yan kasuwa, ya fesa masa a hanci.

Can sai Yaya ya ja numfashi, ya farka har da zagi. Muka kai shi asibiti.

Ya ce kar in gaya wa Inna, na ce to. Amma gobe zan koma asibitin in roƙo nawa abin fesawar, don ɗazu na ga sauran ƙwayar ƙarƙashin tabarmarsa.