Dalar Gwaggo Delmira Mai Ƙaramin Kai

Doña Herminia,

Ki taimake ni da shawara kafin ranar Alhamis. Amma bari in fara da yabon abin da ya jefa ni cikin wannan hali, domin ya cancanci yabo. Babu inda ake mutunta ɗan Adam kamar kogon ɗan canji, wato ɓoyayyen ɗakin da ake canjin kuɗi a bayan fage. Banki zai tsayar da ke a layi, ya tambayi sunan kakarki, sannan ya ba ki rabin abin da dalarki ta kai. Kogo ba ya tambayar komai. Ki hau bene, ki danna ƙararrawa, ki miƙa 'yar takarda ɗaya, a cika miki jaka da peso ɗaure da roba, ki sauko kina jin kin fi duk masu digiri sanin tattalin arziki. Shekara goma sha biyu ina haye kogi ina shan wannan daɗi, har ina koya wa wasu. Ban taɓa zaton wata rana ni ce zan zama kogon ba.

Shagon takalma gare ni a nan Paysandú, kuma Buenos Aires, babban birnin ƙasar maƙwabtanmu ta hayin kogi, nake zuwa sari. Ba na tsayawa wurin masu kiran “canji, canji” a titin Florida, wannan na baƙi ne. Ina da mutumina, Osvaldo, mai gyaran agogo a hawa na biyu na wani tsohon gini. Agogunan da ke tagarsa tun da na san shi ba su motsa ba.

Gwaggo Delmira ƙanwar mahaifina ce, ita ta riƙe ni tun ina shekara tara da mahaifiyata ta rasu. Yanzu shekararta saba'in da shida. Bara, lokacin da darajar kuɗin maƙwabtanmu na hayin kogi ta zube, kowa a garin nan yana hayewa don sayen mai da sabulu da maganin hawan jini, sai ta ce ita ma in kai ta a yi mata haƙora, ta gaji da tauna nama da gefe ɗaya. Na ce da wane kuɗi? Sai ta ciro gwangwanin biskit daga ƙasan akwati. Mijinta, marigayi Kawu Heber, a mayanka ya yi aiki. Duk ƙarshen shekarar da aka ba shi ƙarin albashi sai ya sayi takardar dala ɗari ya ɓoye, domin bai yarda da banki ba ko na kwana ɗaya. Takardu goma sha huɗu ne, duk tsofaffin bugu, masu ƙaramin kai, wato waɗanda hoton kan mutumin da ke jikinsu ƙarami ne.

Kin san halin mutanen can da ƙaramin kai. A ƙasar da ta buga su kuɗi ne cikakke, a bankinmu na nan ma haka, amma a kogo sai a riƙe su da yatsa biyu kamar mataccen ɓera, a rage musu farashi. Babban kai kawai suke girmamawa. Tun a cikin bas na fara shirya wa Gwaggo zuciya, ina ce mata kada ta yi mamaki idan an wulakanta kuɗinta. Tana zuba mini mate, shayin ganyen nan namu, daga filas tana cewa, “Ke kika san garin, 'yata, ni dai haƙora nake so.”

Da muka isa ginin Osvaldo na zaunar da ita a shagon shayin da ke ƙasa, na ce benen zai wahalar da gwiwarta. Gaskiya ne zai wahalar da ita. Na karɓi takardunta na hau. A tsakanin hawa na ɗaya da na biyu dabarar ta zo mini, kuma na rantse ban fito da ita daga gida ba. Ina ɗauke da kuɗin sarina, sababbi fil, babban kai. Sai na tura nata cikin rigata, na miƙa wa Osvaldo nawa, ya canza mini a cikakken farashi. Na shiga banɗaki na zare abin da ake ragewa a kan ƙaramin kai, na ɗan ƙara kaɗan, na sa a aljihuna. Na lura ɗaya daga cikin takardunta tana da rubutun fensir a gefe, ban ma karanta ba, ita kuma na zare mata fiye da sauran, tunda haka kogo yake yi wa mai tabo. Ki dubi irin tsantsenina: ina so ƙaryata ta bi ƙa'idar kasuwa.

Na sauko na zube mata tulin peso. Ta ga yawansa ta dafe ƙirji. Ko da abin da na zare, ta sami kusan ninki biyu na abin da banki zai ba ta. An yi haƙoran, an yi tabarau, har ta saya wa jikokin maƙwabciyarta riguna. Ni ma na gaya wa kaina abubuwa da dama a hanyar dawowa. Na rufe shago kwana uku. Ni na biya wa kaina kuɗin mota. Ni na ɗauki haɗarin jabu, ni na yi yawo da kuɗi a ƙirji cikin garin da ake yanke jaka. Abin da na ci bai wuce kuɗin takalma ƙafa biyu a shagona ba. Wane ɗan rakiya ne ba ya shan ruwa?

Da muka dawo na kai goma sha uku banki aka karɓa ba ko tari. Ta goma sha huɗun na ajiye in goge rubutun tukuna. Na zauna a bayan kanta da magogi a hannu, sai na karanta. Hannun Kawu Heber ne, irin rubutunsa mai kwanciya kamar iska ta buga shi: “Ta rawarmu ce, Delmi.” Tun ina yarinya nake jin yana mata alkawarin wata rana zai haye da ita Buenos Aires su yi rawa a babban zaure, tana ce masa ya fara koyon taka ƙasa maimakon ƙafarta. Ciwo ya riga shi. Ban goge ba. Na sa ta a durowa ƙarƙashin rasitai, na ce zan yi tunani, tunanin da ya kai wata takwas.

A cikin watannin nan babu taron dangi da Gwaggo ba ta yabe ni ba. Da sababbin haƙoranta take yi, farare tas. Tana cewa 'yan can sun so su cuce ta, amma 'yarta ta hau bene ita kaɗai ta ƙwato mata haƙƙinta. Ƙanena har tsokanata yake, wai in tsaya takara.

Makon jiya Kawu ya cika shekara goma da rasuwa. Ta buɗe gwangwanin don ta duba takardar nan, wadda ashe kullum a ƙasa take ware ta cikin ƙyalle, sai ta tarar da ƙyallen kawai. Ranar tafiyarmu, garin saurin kama bas, ta kwashe duka. Ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Zuwa ta yi shago ta zauna a kujerar gwada takalma, ta ce ta sayi tikitin bas na ranar Alhamis, ƙarfe shida na safe. Za ta je wurin mai agogon nan da kek ɗin lemo, ta roƙe shi ya duba ko takardar tana nan, ta saye ta ko nawa ne. Na ce kuɗi ba ya kwana a kogo, yanzu ta yiwu tana wata nahiyar. Ta ce ta sani, amma tana so ta ji daga bakinsa. In ba zan iya rufe shago ba, in rubuta mata adireshin kawai. Sau uku ta maimaita mini ranar da lokacin.

Na kira Osvaldo na gaya masa komai, na roƙe shi in aika masa takardar ya miƙa mata kamar shi ya adana ta. Ya yi dariya har da tari. Ya ce, “Maƙwabciya, ni ɗan canji ne, ba ɗan wasan kwaikwayo ba. Kuma da kin hau da tsohuwar, rabin abin da kika zare ma ba zan zare mata ba. Ina da uwa.” Ya ce idan ta zo zai ba ta kujera da ruwa, idan ta tambaye shi zai ce bai taɓa ganin takardunta ba, domin bai gani ba. Ki ji fa, mutumin da sana'arsa ba ta da lasisi shi yake mini wa'azi.

Dabara ɗaya ta rage mini. In kai mata takardar in ce na sa an bi sawunta an fanso ta. Za ta yi murna, ba za ta hau bas ba, kowa ya huta. Abin da ke hana ni barci shi ne na san ta: za ta dage sai ta biya ni kuɗin fansar, kuma za ta ƙara sabon babi a yabona. Idan kuwa na faɗi gaskiya, ban san da wane ido matar da ta yi mini kitso tun ina shekara tara za ta dube ni ba. Ba kuɗin nake tsoro ba. Ina tsoron ta daina ce mini 'yata.

Me zan yi?

Mai Shagon Takalma, Paysandú

*

Mai Shagon Takalma,

Ba zan yi miki huɗuba a kan kogo ba. Ni ma na hau irin wannan bene, kuma rabin masu karanta shafin nan tabaransu daga can suka fito. Doka ba ta son abin, haɗarinsa kuma kin fi ni sani.

Bari in fara da abin da yake naki. Musayar takardun ba laifi ba ce, dabara ce mai kyau. Da a cikin bas kin ce mata, Gwaggo, kawo tsofaffin naki in ba ki sababbina, ni bankina zai karɓa, da yau yabon da take miki halal ne. Wahalarki ma gaskiya ce. Da kin ce ta biya miki kuɗin mota da kwanan shago, na tabbata da ta ba ki har da ƙari. Abin da kika yi shi ne kin ɗauka a ɓoye abin da za a ba ki a fili. Kin kafa farashi biyu a cikin gidanku, wanda kika samu da wanda kika faɗa, kin ci tsakani. A titin Florida sunan da ake ba wannan shi ne sana'a. Tsakaninki da matar da ta raine ki sunansa daban, kuma kin san shi, shi ya sa kika rubuto.

Dabararki ta ƙarshe ki bar ta. Za ki sayar mata da takardar mijinta bayan kin riga kin zare mata kuɗi a kanta. Sau biyu ke nan a kan takarda ɗaya. Ko Osvaldo bai taɓa cin irin wannan riba ba.

Ki je gidanta gobe da hantsi, kada ki jira Laraba. Ki je ke kaɗai. Ki sa takardar a ambulan ɗaya, abin da kika zare a wani ambulan, cikakke, da dala, babban kai. Ki fara miƙa mata takardar, ki bar ta ta gama kallonta. Wannan lokacin nata ne da mijinta, kada ki cika shi da surutu. Sannan ki faɗa mata a taƙaice: ba ki kai wa mai agogo ba, kin canza naki kin riƙe nata, kin rage mata kuɗi kin ci. Kada ki kawo zancen shagon da kika rufe, ko kuɗin mota, ko jabu. Duk gaskiya ne, amma ranar ba ranarsu ba ce. Kada kuma ki roƙe ta ta rufa miki asiri a dangi. Yabon da kika karɓa a bainar jama'a ne, ita ke da ikon gyara shi ko ta bar shi.

Ba zan yi miki alkawarin za ta rungume ki ba. Tana iya yin shiru na mako, ko na wata. Tana iya daina ba ki ajiyar komai har ƙarshen ranta, kuma idan ta yi haka ba ta zalunce ki ba. Abin da kike tsoron rasawa kina iya rasa wani sashe nasa. Amma idan ta hau bas ɗin nan da kek a cinya, ta yi tafiyar awa biyar, ta hau benen da kika ce gwiwarta ba za ta iya ba, baƙo ya gaya mata abin da 'yarta ta ɓoye, to duka za ki rasa.

Akwai abu biyu a wasiƙarki da nake so ki sake dubawa. Na farko, magogi yana hannunki, ba wanda yake ganinki, kika fasa. Da kin goge, da yau ba ki da matsala, ba ki kuma da abin da za ki mayar. Wannan ya gaya mini ba ki lalace kamar yadda kike tsoro ba. Na biyu, tsohuwar da ta san ki tun kina ɓoye alewa a safa ta zo har shagonki, ta faɗa miki rana da lokaci sau uku. Ban ce ta sani ba. Na dai ce mai neman adireshi sau ɗaya yake tambaya.

Tikitin kuma kada ki yi saurin cewa ta mayar. Idan bayan ta gama fushinta ta bar miki ƙofa, ki sayi na biyu da kuɗinki. Akwai zaurukan da ake rawa da la'asar a can, cike da tsofaffi masu ƙamshin turare waɗanda suka iya taka ƙasa. Ba za ki maye mata gurbin Heber ba, amma za ki iya riƙe mata jaka. Takardar ta zauna a gwangwaninta.

Ina miki fatan ƙarfin zuciya gobe, ita kuma Allah ya sanyaya mata.

Ku kuma da kuke karantawa kuna girgiza kai, na san da yawanku kun taɓa hau wa wani ɗan'uwa bene, shi yana ƙasa yana shan shayi. Da kuka sauko, wane farashi kuka faɗa masa?

Doña Herminia