Gasar Waƙa a Cikin Lifta

Laraba, 14 ga Nuwamba, 2018. Unguwar Al Rigga, ƙasar Larabawa.

Sabuwar waƙar wata Baturiyar Ingila ta ƙi fita daga kaina. Ɗazu a liftar otal ɗin da nake aiki, daga ni sai keken tawul, na lumshe ido na rera ta. Sai ga ni a gasar talabijin, fitilu sun haske ni, Mama a layin gaba da zanen cocinta.

Na manta akwai kyamara.

Da na tashi aiki, Baba Yakubu mai gadi ya tare ni: "'Yata, na'urar ba ta kawo murya, amma na ga yadda kika ɗaga hannu. A wurina kin ci."

Kunya kamar in nutse. Amma yaushe rabon da wani ya kalle ni a garin nan ba don tawul ba?