Sukudireba a Kunne

Litinin, 3 ga Maris
Jikata ta dawo daga kwaleji bayan la'asar. Wai an haɗa su rukuni, su takwas da malama ɗaya, karatu tare, aiki tare. Haka ubanta, ɗana, ya fara. Ranar da na kai masa ziyara makaranta da kayan aiki a jikina, ya ce wa abokansa ni bakaniken unguwarsu ne. Shekara ashirin da shida, ban manta ba. Ita kaɗai ta rage mini.

Laraba, 5 ga Maris
Ta yi dariya a waya da su. Ni rabon da ta yi mini irin wannan dariyar...

Asabar, 8 ga Maris
Injin ban ruwan da aka ba su su gyara ya gagare su. Ta ce, "Tsoho, Malama ta ce kowa ya kawo wanda ya sani daga gida." Na ce ban da ni. Ta ce, "Tsoro kake ji?" Na ce ubanta ne matsoraci.

Talata, 11 ga Maris
In na je suka miƙo mini alli fa? Rubutun nan da na koya wa kaina, kamar kaza ta yi tonon ƙasa. In suka yi dariya, ita wa za ta bi?

Alhamis, 13 ga Maris
Na je. A da'ira suke zaune, malamar a cikinsu, sai da aka nuna mini ita. Na ce su tayar da injin. Na ɗora bakin sukudireba a jikinsa, ƙotar a kunnena. Wani dogo ya ƙyalƙyale. Jikata ta ce, "Kai, Dogo, kakana yana aiki." Da ƙarfi ta faɗa.
Na ce musu boris ne ya ci, zoben ƙarfen nan mai ƙwallaye da sandar injin ke juyawa a ciki. Suka buɗe, haka ne. Malamar ta karɓi sukudireban ta sa a kunnenta, ta ce shekara tara tana koyarwa ba ta san inji na magana ba. Daɗin baki ne, na sani.

Alhamis, 20 ga Maris
Ba don su zan koma ba. Dogon nan ne, riƙon da yake yi wa sifana zai fasa yatsa wata rana.